Daminar Jinyar Dije

Bana ruwa ya yi mana rowa. Ga lokacin shuka yana wucewa, kullum da la'asar sai hadari ya haɗo ta gabas, ya yi baƙi ƙirin, iska ta taso ta watsa shi, kowa ya mayar da sunguminsa ɗaki. Jikokina sai duba waya suke yi, wai an ce sai mako mai zuwa. Ni kuwa ina zaune a zaure, gumi na bin bayana, ina jin irin zafin nan mai danne ƙirji, wanda ko kurciya ba ta kuka a cikinsa. Na san zafin nan. Irinsa aka yi a shekarar da matata Dije ta kwanta.

Shekarar da ta biyo bayan babban fari ke nan, naira ba ta daɗe da fitowa ba, ƙasarmu kuma tana cikin Jihar Kano. Muna ta jin labarin arzikin man fetur a rediyo, manyan motoci na ratsa Birnin Kudu ɗauke da siminti da kwanon rufi. Amma mu a ƙauyenmu da ke gefen Wurno, abin da muka sani shi ne in ka hau rumbu sai ka zura rabin jikinka kafin hannunka ya taɓa zangarniya.

Dije 'yar Gwaram ce. Mace ce mai ƙarfi wadda ba ta iya zama haka nan. In tana daka, tun daga ƙofar masallaci nakan gane sautin taɓaryarta. Haihuwarta uku, biyu sun koma tun suna jarirai, na ukun, Salisu, shi ya tsaya mana. A lokacin yana nono, ya fara dafa bango yana miƙewa.

Wata rana da hantsi na dawo daga sharar gona, ta kawo mini ruwa, ta tsaya ba ta koma ba.

Ta ce, "Malam, in ka huta ina so ka ga wani abu."

Muka shiga ɗaki, ta kama hannuna ta ɗora a gefen nononta na hagu. Na ji wani ƙullutu kamar ƙwallon dabino, da tauri, ba ya motsi.

Na ce, "Yana ciwo?"

Ta ce, "Da yana ciwo ai da hankalina ya kwanta. Shirunsa ne ba na so."

Muka yi abin da kowa ke yi. Yalwa, matar maƙwabcina Garba, ta ce nono ne ya daskare, aka yi ta gashi da ruwan zafi. Wanzami ya zo ya yi ƙaho. Aka sha sassaƙe, aka sha rubutu. Abu sai girma yake, har fatar wurin ta koma kamar ɓawon lemo. Daga nan na ɗora ta a bayan keke muka tafi asibitin Birnin Kudu. Likita ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce sankara ce, abin da mu muke kira daji. Ya ce sai an je Kano an cire nonon gaba ɗaya, kuma kada mu ce sai kaka.

Muka kamo hanyar gida. Ƙasa ta yi zafi har tayar keke na nutsewa a yashi, na sauka ina turawa, ita kuma tana zaune ta rufe kan Salisu da mayafi.

Labari ya kai Gwaram, sai ga mahaifiyarta, Inna. Tun da na auri 'yarta ba mu taɓa haɗa ido ba, gaisuwa ma daga bayan zana muke yi. Ranar ma daga bayan zanan ta yi magana.

"Malam Idi, ka ba ni 'yata in tafi da ita. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Akwai mai magani a wajenmu. Daji ba ya son ƙarfe, kowa ya sani, in aka taɓa shi da wuƙa yaɗuwa yake."

Na durƙusa. Ni ma na taso da jin wannan magana, kuma ba a musu da suruka. Sai muryar Dije ta fito daga ɗaki.

"Inna, na sha saiwa har cikina ya gaji. Biyu sun koma a hannuna, wannan ina so in ga girmansa. A yanke. Ke ki tafi da Salisu ki yaye shi, ni kuma Malam ya kai ni Kano."

Inna ta ce, "To. Allah ya sa hannunsu ya zama magani."

Washegari ta goya yaron. Dije ta raka su har bakin zaure, ta dawo ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gidan da ta riga ta share.

Kafin mu tafi na yi binne. Na bi gonar da sungumi ina zuba iri a busasshiyar ƙasa, don in ruwa ya sauka ba na nan, ya tarar da abin da zai jiƙa. Duk irin da na ɓoye daga bakin fari shi na zuba.

A Kano aka ba ta gado, ni kuma na shimfiɗa tabarma a baranda tare da sauran masu jinya, kowa da ƙullin garinsa da butarsa. Likitan ɗan ƙasar Indiya ne, wani ma'aikaci ke fassara mana. Aka yi aikin. Washegari da azahar ina zaune kusa da ita ina yi mata fifita, sai ruwan farko ya sauka. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga ya danne warin magani. Ta buɗe ido.

"Ruwa ne?"

Na ce, "Ruwa ne."

"Allah ya sa ya kai gida."

Sannan ta kai hannu ta shafa bandejin da ke ƙirjinta, ta ji wurin a shafe, ta juya fuska bango. Na ci gaba da fifita.

Ruwan ya kai gida, amma yayyafi ne. Ya isa ya tsirar da irin, bai isa ya raya shi ba. Da muka dawo na je gona na tarar shukar ta fito ta ƙone, tsiron ya bushe kamar zare. Na tsaya a tsakiyar gonar nan babu ko ƙwayar iri a gidana. Bayan 'yan kwanaki sai ga aike daga Gwaram, Inna ta turo da irin gero mai saurin nuna da ɗan na dawa, daga abin da suka rage wa kansu. Da ruwa ya zauna sosai, Garba ya kira gayya. Samari da magidanta suka fito, wasu na sara da sungumi, wasu na bi suna zuba iri suna takewa da diddige. A al'ada mai gayya shi ke ciyar da mutane, amma ranar kowa da ɗan abin da zai sa a baki ya zo, babu wanda ya kalli ƙofar gidana.

Daga nan rayuwarmu ta kama wani tsari. In na fito daga sallar asuba sai in wuce rijiya in cika randa. In hura wuta, in dafa ruwa da gishiri, in bar shi ya huce, in wanke mata wurin kamar yadda aka koya mini a asibiti. Ranar farko ta ƙi.

Ta ce, "Kira mini Yalwa. Ba na so ka gani."

Na ce, "Na riga na gani tun ba ki farfaɗo ba. Kuma ni aka koya wa."

Ta sauke zanen tana kallon rufin ɗaki. Ɗinkin ya taso daga tsakiyar ƙirji har cikin hammata. Na wanke a hankali, na shanya tsumman a rana. Daga ranar ba ta sake cewa a kira kowa ba.

Bayan wanki sai kunu, sannan in ɗauki fartanya. Da azahar in dawo in duba ta, in koma. Hannunta na hagu ya kumbura, ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, don haka daka ta gagara. Yalwa ce ke yi mana surfe in ta gama nata. Wata rana Yalwa ba ta jin daɗi, ga tsaba a ƙwarya, ga yunwa. Na waiga babu kowa, na ɗauki taɓarya. Duka uku na yi rabin geron ya watse a ƙasa, kaji suka taru kamar an kira su. Matan maƙwabta suka ji sautin ta kan katanga, suka fashe da dariya. Na juya na ga Dije a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji tana dariya har da hawaye.

"Malam, turmin nan me ya yi maka?"

Dariyarta ta farko ke nan tun da muka dawo. Na ji an yi mini ba'a a majalisa kwana da kwanaki, ban damu ba.

Aikin wuƙa bai ƙare maganar ba. An ce duk wata mu koma Kano a yi mata wata allura ta jijiya, mai bin ragowar ciwon a jini. Yanzu in mutum ya kwanta, jikana kan ɗauke shi a babur, kafin shayi ya huce sun isa babban asibiti, ana ta waya ana tambayar jiki. Mu a lokacin sai mu fita da sassafe a keke zuwa Birnin Kudu, mu zauna a bakin titi mu jira babbar mota mai ɗaukar kaya. In an samu wuri a gaba sai in roƙa mata, in ba a samu ba mu hau kan buhuna. Sau da yawa ruwa kan kama mu a hanya, a ja tamfol a rufe mu da mu da awaki, ina tare ta da jikina kada wani ya bugi wurin. Akuyoyinta ma haka suka bi hanyar Kano ɗaya bayan ɗaya, muna sayarwa muna biyan kuɗin mota da magani.

Allurar nan kuwa ta fi wuƙar wahala. In aka yi mata, sai ta yi kwanaki tana amai, bakinta ya yi gyambo, ko ruwa ta sha sai ta ce ƙarfe take ji. Warin daddawa ya zama abokin gabarta, har na kwashe wadda ke gidan na kai wa Yalwa, muka koma miyar kuka da gishiri da barkono kawai. Abin da ke zama a cikinta kunun tsamiya ne, shi ma cokali-cokali.

Ga shi marka ta kama. Sama ta rufe, ruwa ba dare ba rana, katanga na zubewa, itace ya jiƙe sai hayaƙi. Lokacin ne kuma rumbu ya ƙare ƙarƙaf, sabon hatsi bai zo ba. Kowane gida tafasa ake ci da yaɗiya da rama, a kwaɗa da ɗan ƙuli in akwai. Mun ci tuwon dusa a shekarar nan, ba mu kaɗai ba. Nakan yi maimai, wato noma na biyu, cikina na kuka, laka ta riƙe ƙafa, in na miƙe sai in ga gonar tana juyawa.

Wani zuwa da muka yi Kano, bayan duk wahalar hanya, aka ɗebi jininta aka ce ya yi ƙasa, ba za a yi allurar ba, mu koma ta ci hanta da ƙwai. Hanta, a shekarar da ake cin dusa! Muka juyo haka nan. A mota ta ce, "Malam, ko mu haƙura? Ka gaji, na gaji." Na ce ta bari mu isa gida tukuna. Allah da ikonsa damina ce, zabi na ƙwai. Na bi gidajen da ke da zabi, wani ya ba ni biyu, wani uku, wani in yi masa noman yini ya biya ni da ƙwai. Tana ci tana yamutsa fuska. Da muka koma aka ce jinin ya hau.

Gashinta kuma a hannun Yalwa ya fara zuba, ranar da ta zo yi mata kitso. Tana tajewa yana biyo matajin. Yalwa ta tsaya, idonta ya kawo ruwa. Dije ta tattara gashin ta ƙulle a tsumma, ta ce da ni, "Ɗauko askarka ka ƙarasa shi. Gara in san babu da in riƙa tsintarsa a kan matashi." Na zaunar da ita a inuwar rumbu na aske mata kai tas. Ta ɗaura kallabi, ta ce yanzu gidan nan malamai biyu ne.

A shekarun nan azumi a bakin kaka yake faɗowa. Ya zo daidai lokacin da gero ya nuna, yara na gasa tumu, ƙamshinsa ya cika gari, fuskokin mutane suka fara sakewa. Dije ta so ta ɗauki azumi, liman ya aiko mata cewa Allah ya ɗauke mata, ta rama in ta samu lafiya. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ba ta taɓa cin komai a gabana da rana ba, kuma in an kusa shan ruwa sai ta shimfiɗa tabarma ta zauna kusa da ni, ta jira a kira salla kamar ita ma ta yini da shi. Ta fara dama kunu da kanta, tana ɗan share-share, har ta tuƙa tuwo da hannu ɗaya, ta danne tukunya da ƙafa. Na ce a raina mun haye.

Na shiga girbi da azumi a baki. Ranar kaka ba ta da tausayi, ƙaiƙayi na cin wuya, leɓe ya bushe har ya tsage. Amma ina kallon zangarniyar nan da muka samu daga shuka ta biyu, sai in ji ƙarfi ya dawo. Kafin Salla na kwantar da geron duka, saura yanka da ɗauri.

Inna ta zo mana Salla, ta bar Salisu wajen ƙanwar Dije. Washegarin Salla ta ce ita za ta yi wa 'yarta wanka. Ina zaure ina gyara igiyar ɗaurin dami, sai na ga mutum tsaye a kaina. Inna ce, babu zana tsakaninmu, tana kallona ido cikin ido.

"Malam Idi, akwai wani ƙullutun a hammatarta. Ta ce tun farkon azumi ta ji shi."

Na shiga ɗaki. Dije na zaune a bakin gado.

Na ce, "Tun farkon azumi? Kullum muna tabarma ɗaya, ki kasa faɗa mini?"

Ta ce, "Da na faɗa da ka bar geron nan a tsaye. Shukar farko ta tafi saboda ni. In wannan ma ya tafi, me za mu ci? Me yaron nan zai tarar in ya dawo?"

Tun da muke ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Na ce, "Wa ya ce miki gero nake jinya?" Na fita na tsaya a bayan rumbu har zuciyata ta sauka. Da na dawo na tarar Inna ta riga ta ƙulle mana kaya. Ita da ta ce daji ba ya son ƙarfe, ita ce ta ce, "Gobe da sassafe ku kama hanya. Ni zan tsare gida."

Muka tafi muka bar gero a kwance. Kowa a lokacin yana fama da nasa girbin, kafin Garba ya samu ya tara mutane gara ta shiga ta ci na ƙasa. Abin da aka ɗaure bai kai abin da na sa rai ba, amma dawa ta yi kyau, ita ta riƙe mu.

Aka sake yi mata aiki a hammata. Da za a sallame mu na tambayi likita ko ciwon ya tafi ke nan. Ya yi magana, mai fassara ya ce, "Ya ce ba zai yi maka ƙarya ba. Irin wannan ciwo yakan yi barci, yakan farka. Ku riƙa zuwa." Haka kuwa aka yi. Muka yi ta zuwa, wata shekara lafiya, wata shekara kwanciya. Allah ya ara mata kwana har ta ga Salisu ya shiga makaranta, ta rama azuminta a lokutan sanyi ina taya ta. Daga baya ciwon ya koma ƙashin bayanta, ta rasu a ɗakinta, Allah ya jiƙanta.

Amma wannan duk daga baya ne. A waccan shekarar, da ɗinki na biyu ya warke, abin da ya rage mana shi ne ɗauko yaro. Inna ta riga ta koma, muka bi ta Gwaram. Dije ta ɗaura zanenta na Salla, ta ja kallabi har goshi. Ta rame ƙwarai, ta yi duhu, idanunta sun faɗa.

Muna shiga gidan muka gan shi a tsakar gida yana tafiya da ƙafarsa, yana jan wani gwangwani. Dije ta durƙusa ta miƙa hannu. Yaro ya dube ta, ya ƙwalla ƙara, ya ruga ya shige bayan zanen Inna.

Inna ta ce, "Kai, ja'iri, uwarka ce!" Ta kamo shi za ta miƙa mata.

Dije ta ce, "Bar shi, Inna. Bai yi laifi ba. Ni ma ranar da na duba madubi sai da na tambaya wace ce."

Ta nemi tabarma ta zauna a gindin bishiyar ɗurumin da ke gidan, ta jawo ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa da hannun dama, ba ta ko kallonsa. Ni ina daga bakin zaure ina gani. Aka yi azahar, aka ci abinci. Yaro ya leƙo, ya koma. Can ya matso ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gudu. Ya dawo ya ɗauki wata, wannan karon bai gudu ba. Tana ɓarewa tana ajiye masa a gefen gwiwarta, tana 'yar magana ƙasa-ƙasa kamar da gyaɗar take yi. Ban sani ba ko muryar ya gane. Bayan la'asar sai ga shi ya dafa cinyarta ya hau.

Ya zura hannu cikin rigarta ta gefen hagu, yana lalube kamar yadda ya saba. Ya laluba, bai samu komai ba. Ya ɗaga kai ya dubi fuskarta.

Dije ta ce, "Babu, ɗan nan. Ya tafi. Amma ni ga ni."

Ya ƙara kallonta. Sannan ya kwantar da kansa a daidai wurin, ya sa yatsa a baki, barci ya ɗauke shi. Ta zagaye shi da kumburarren hannun nan.

Rana ta yi sanyi, na ji motar ƙarshe mai zuwa Birnin Kudu tana ta hon a tasha. Na ce in za mu tafi yau, to lokaci ya yi. Inna ta sunkuya za ta ɗauke shi, tana cewa hannun zai yi mata tsami.

Dije ta ce, "Kar ki taɓa shi, Inna. Hannun nan ya ƙi taɓarya, ya ƙi guga, amma wannan zai iya."

Motar ta gaji da kira ta tafi ta bar mu.